Tsohon mijina ya riƙe mini kayan ɗaki da keken ɗinki

Assalamu alaikum Barista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka a kan kayana da tsohon mijina ya hana ni kwashewa tun da na gama idda, alhali shi ya sake ni don kansa har ya rubuta takarda, ba ni na nemi khul'i ba.

Kayan sun haɗa da gado da katifa da sif da kujeru da firji, waɗanda mahaifina ya yi mini lokacin biki, sai keken ɗinkin da na saya da kuɗin adashe. Da yayana ya je da mota, ya tarar an canja kwaɗon ɗakin, aka ce ko tsinke ba zai fita ba sai na mayar da lefe. Malamin da muka tambaya ya ce lefe kyauta ce da ta zama tawa tun da aka ɗaura aure na tare, kuma ko sadaki ba a mayarwa sai a khul'i. Mai unguwa ya zaunar da mu, mutumin ya yi alkawari bai cika ba, yanzu ma cewa yake yi shi ya sayi firjin da kujerun.

Keken ne ya fi ci mini rai, domin da shi nake ciyar da 'ya'yana biyu, kuma an kulle shi tare da atamfofin mutane da na riga na yanka. Salla ta wuce ban ɗinka ba, dole na ci bashi na biya masu su. Maƙwabciya ta shaida mini cewa rufin ɗakin ya yi yoyo da damina har katifar ta yi fumfuna.

'Yan'uwana sun so mu kai ƙara wurin 'yan sanda, amma an gaya mini Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na aikata laifi ba. Shin kotun shari'ar Musulunci ya kamata in nufa, ko ta majistare? Kuma tun da hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta, ina tsoron kada ya rantse ya tafi da firjin, domin rasit ɗin ya ɓace. Shin shaidar 'yan jere, wato gwaggonnina da suka shirya ɗakin da hannunsu, da hotunan da aka ɗauka ranar, za su wadatar?

Ina kuma so in sani ko alƙali zai iya sa shi ya biya abin da ya lalace da cinikin da na rasa, ko kuwa kayan kawai za a miƙo mini yadda suke. Ba ni da halin ɗaukar lauya, don haka ka bayyana mini yadda ake neman taimakon ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da abin da zan riƙa idan zan je.

Wassalam,
'Yar'uwarka daga Kano