Bangon Legas Yana Ba Da Tarihi, Amma Ina Namu?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas kan zanen bango, wanda yake ƙara yaɗuwa a wannan birni na bakin teku alhali mu muna kallo daga gefe.

Duk wanda ya bi ta ƙarƙashin gadar Falomo da ke Ikoyi ya ga yadda aka ƙawata ginshiƙanta da fenti tun 2017, shekarar da jihar ta cika shekara 50 da kafuwa. A jikin katangu daban-daban kuma akan ci karo da zanen masunta a cikin kwalekwale, da bishiyoyin kwakwa, da dodon Eyo sanye da fararen kaya da malafa, riƙe da doguwar sandarsa. Masu gari suna ajiye tarihinsu da tatsuniyoyinsu a inda yaron da bai iya karatu ba ma zai gani ya yi tambaya, kuma sun kyauta.

Abin da ya dame ni shi ne, mu ma muna da labarin da ya cancanci bango a garin nan. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna Glover ya haɗa rundunar Hausawa a Legas, wadda sojojin Najeriya suke ɗauka a matsayin tushensu, kuma zaman tsofaffin sojoji Hausawa a Obalende yana cikin tarihin unguwar. Cinikin goro ya raya zangon Agege, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, lokacin da huhunan goro suka riƙa hawa jirgin ƙasa zuwa arewa, shanu kuma suna gangarowa kudu. Yaro nawa ne a Agege ko Idi-Araba ya san wannan? Abin da yake gani a katangar unguwarsu bai wuce fostocin 'yan siyasa da aka liƙa wani kan wani ba, sai tallar maganin basir da aka rubuta da gawayi.

Ado a jikin bango kuwa gadonmu ne. Maginan Zariya da Kano sun daɗe suna fitar da dagi da sauran zayyana a fuskar zaure tun laka tana ɗanya, su bi ta da launi bayan ta bushe, har mai wucewa ya gane darajar mai gida tun daga ƙofa. Har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Jikokin irin waɗannan gwanaye su zauna a cikin unguwanni masu baƙar katanga, abin kunya ne.

Na san wasu za su kawo batun hukuncin zana surar mai rai, kuma wannan magana ce ta malamai wadda ba zan shiga gabansu a kanta ba. Sai dai abin da babu saɓani a kansa ya ishe mu aiki: jirgin ƙasa yana barin tasha, huhun goro a buɗe da jajaye da farare a kan ganye, kwalekwale a bakin gaɓa, itatuwan da saiwoyinsu suke tsaye a cikin ruwan gishiri, sannan a kewaye su da dagi, a rubuta shekaru da sunayen wurare da boko da ajami da Yarbanci domin maƙwabta su karanta tare da mu.

Aikin yana da wahalarsa. Iskar teku mai gishiri da damshin damina suna ɓare fenti cikin ɗan lokaci, don haka dole a kankare bangon, a yi masa shafen farko, a sayi fenti mai jure ruwa, a kuma ware kuɗin gyara tun daga farko. Dole ne kuma a nemi yardar mai katanga da izinin hukuma kafin a ɗora buroshi.

Ina kira ga Sarkin Hausawan Agege da sauran sarakunanmu na Legas, da shugabannin kasuwar Mile 12, da su zaɓi katanga guda ta makaranta ko ta kasuwa a fara da ita. Dattawa su zauna su ba da labari, matasanmu masu rubuta allon shaguna da zanen jikin manyan motoci su riƙe buroshi, ɗalibai su taya su cika launi, 'yan kasuwa kuma su ɗauki nauyin fenti. Ina fatan jaridarku za ta turo wakili ranar da za a fara.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas