Daƙiƙa uku, 'yata

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Saƙonki ya iso. Na ga kukan da kika yi cewa yaran ajinki ba sa tausayin juna, ɗaya ya yi kuskure sauran su tuntsire da dariya, kuma kin yi musu faɗa har muryarki ta dushe. To ki rage faɗan. Na yi irinsa shekara da shekaru, ban ga ya sa yaro ya ji ciwon ɗan'uwansa ba.

Akwai abin da har yau nake jin kunyarsa. Wani yaro a ajina kullum sai an yi nisa da darasi yake shigowa. Da ya buɗe baki zai yi bayani sai in katse shi, in ce na san ƙaryarku. Sai da zango ya kusa ƙarewa na ji a bakin wani malami cewa mahaifiyarsa ce kwance, shi ke shirya ƙannensa kafin ya fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na hana mai ɗakin magana. Sauran yaran suna kallo, a wurina suka koyi yadda ake toshe wa mutum baki.

Don haka ki fara da kanki. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa masu yawa a wajajen 1970, ta gano cewa malami in ya yi tambaya, kusan daƙiƙa 1 kawai yake jira kafin ya maimaita ko ya nuna wani. Da aka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, yaran da suka saba yin shiru suka fara sa baki. Ki ƙirga a zuci ki gani, da farko za ki ji kamar an tsayar da agogo.

In kin saba da wannan, ki gwada musayar labari, irin wadda ƙungiyar Narrative 4 ke yi a makarantu. Ki haɗa su biyu-biyu, kowa ya ba abokinsa labarin wani abu da ya taɓa faruwa da shi. Babu rubutu, babu katsewa. Sai a dawo a zauna zagaye, kowane yaro ya ba da labarin abokinsa kamar shi abin ya faru da shi: “Ranar da na ɓata a hanya…” A wannan “na” ɗin aikin yake. Yaron da ya ce “na ji tsoro” da bakinsa a madadin wani, da wuya gobe ya yi wa wannan tsoron dariya. Kuma wanda ya san shi zai maimaita, dole ya kasa kunne, ba ya zauna yana shirya tasa maganar ba.

Sai dai ki yi hattara. Ki fara da labarai marasa nauyi, ki kuma fara ba da naki, don malamin da ya ɓoye nasa ba shi da bakin neman na yara. Wanda ya ce ba zai faɗa ba, ƙyale shi, sauraro ma shiga ce. Ki ja musu kunne cewa abin da aka ji amana ne, ba ya fita aji. Amma ke kada ki yi alkawarin rufe komai: in yaro ya faɗi abin da ke nuna ana cutar da shi, ki kai wa hukumar makaranta a ranar.

Mahaifiyarki na gaishe ki. Ta ce in gaya miki ni ma har yanzu ban cika daƙiƙa ukun nan ba in tana magana. Ki rubuto mini yadda gwajin farko ya kasance.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki