Maganin Cutar Parkinson da Barcin Marasa Lafiya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da ba a cika faɗa wa iyalan masu cutar Parkinson ba, wato cutar nan mai sa karkarwar hannu da sanƙarewar jiki da nauyin tafiya. Shekara 6 ke nan mahaifina yana fama da ita, kuma abin da ya fi wahalar da mu a gida shi ne yadda magungunan suka hargitsa masa dare da rana.

Cutar tana tasowa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka lalace, shi ya sa ake ba da levodopa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin. Da farko maganin kan riƙe mutum yini guda, amma da shekaru suka ja sai ƙarfinsa ya riƙa sauka bayan 'yan sa'o'i. Ƙwayar da Baba ya sha bayan isha'i takan sake shi wajen ƙarfe 3 na dare, sai ya farka jiki a ɗaure, ko juyi a kan gado ba ya iyawa, yatsun ƙafarsa a murɗe, ga fitsari ya matsa shi. Sau da dama ana kiran assalatu ina tallafe da shi, muna jiran ƙwayar safe ta kama jikinsa kafin ya iya alwala.

Da aka ƙara masa pramipexole sai matsalar ta koma rana. Wata la'asar yana cikin ba ni labari, da kofin shayi a hannunsa, barci ya ɗauke shi ba ko hamma, shayin ya zube masa a riga. 'Yan uwa suka ce tsufa ne, alhali an san wannan magani da ɗan uwansa ropinirole da jawo barcin ba-zata, kuma a lokacin Baba yana hawa babur zuwa kasuwa. Babu wanda ya gargaɗe mu a asibiti, kuma har yau wannan na yi mini ciwo. Ihu da naushin iska da yake yi cikin barci kuwa, waɗanda wasu suka ɗora wa aljanu, alama ce ta cutar kanta.

Daga baya muka fahimci cewa selegiline da amantadine, wasu magungunan cutar, na iya hana barci idan aka sha su da yamma, kuma nama da wake da nono suna rage wa levodopa ƙarfi idan aka haɗa su lokaci guda, don haka yanzu Baba yana sha rabin sa'a kafin abinci. Mun kuma tanadi littafi muna rubuta lokacin shan kowace ƙwaya da lokacin barci da farkawa, kuma da shi likita ya gyara masa lokutan har ya fara samun barcin dare.

Kirana ga likitoci da masu ba da magani shi ne su riƙa tambayar majinyaci yadda yake kwana, su kuma bayyana wa iyalinsa waɗannan abubuwa tun ranar farko. Iyalai kuma kada su dakatar da maganin kwatsam saboda yana sa barci, domin hakan na da haɗari ƙwarai, kuma mai niyyar azumi ya tuntuɓi likitansa tun watan Sha'aban.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya