Koke ga Mai Martaba Akran na Badagry Kan Tarihin Fasto Freeman

Zuwa ga Mai Martaba Akran na Badagry,
Fadar Akran, Jihar Legas.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne talakawanka masu jin Hausa mazauna wannan gari, Musulminmu da Kiristanmu, 'yan kasuwa da direbobin hanyar Seme da malaman makaranta. Allah ya ja zamanin Sarki. Roƙonmu ya shafi wurin tunawa da itacen Agia, inda Fasto Thomas Birch Freeman na ɗarikar Methodist ya yi wa'azi bayan ya sauka Badagry ranar 24 ga Satumba, 1842. Muna so a kafa allo da Hausa a wurin, mai ba da labarinsa yadda yake.

'Ya'yanmu a nan aka haife su, nan suke karatu. Baƙinmu daga Kano, Jos da Maraɗi kuwa, in sun zo, can muke fara kai su. Amma abin da muke iya faɗa musu ji-ta-ji-ta ne kawai. Wani ya ce Freeman Bature ne, wani ya ce shi ya gina gidan benen nan da ake ce shi ne na farko a Najeriya. Dukansu ba su faɗi daidai ba. Benen na 1845 aikin 'yan mishan ɗin CMS ne, na ɗarikar Angalika. Freeman kuma, ko da yake a Ingila aka haife shi a 1809, mahaifinsa baƙar fata ne ɗan asalin Afirka, mahaifiyarsa ce Baturiya. Aikin lambu ya fara yi kafin ya shiga aikin bishara.

Ya iso Cape Coast ta ƙasar Gwalkwas, Gana ta yau, a farkon 1838, lokacin da zazzaɓi ke cinye 'yan mishan tun ba su gama kwance kaya ba. Matarsa ma ba ta daɗe ba ta rasu. Duk da haka bai bar aikin ba. A 1839 ya ratsa daji har Kumasi ya gana da Sarkin Asante Kwaku Dua, ya sake komawa a 1841 da kyautar keken doki. Zuwansa Badagry kuwa ba kutse ya yi ba, kiransa aka yi: Yarabawan da aka ƙwato daga jiragen cinikin bayi aka sauke a Saliyo, bayan sun dawo gida, su suka nemi a turo musu malami. Daga nan ya wuce Abeokuta wajen Sodeke, shugaban Yarabawan Egba, ya dawo suka yi bikin Kirsimeti na 1842 shi da Henry Townsend, ɗan mishan ɗin CMS, sannan ya je wa Sarki Gezo na Dahomey a 1843.

Abin da ya sa mu Musulmin cikin masu wannan koke muka sa hannu ba tare da ɗar-ɗar ba shi ne halin mutumin. Duk ƙasar da ya je, ƙofar fada yake fara nema, ya jira iso komai daɗewa. Wanda ya san mutuncin sarauta haka, ko addini ya raba mu, ya cancanci a ba da labarinsa da gaskiya. Kuma da gaskiyar muke nufi: a rubuta har da saɓanin kuɗi da ya sa ya ajiye aikin mishan a 1857, ya yi aikin gwamnati da noma a yankin Accra, sai 1873 ya koma kan mumbari. A Accra ya rasu a 1890.

Akwai sunan da muke roƙo kada a bari a baya, William de Graft, ɗan ƙabilar Fante da ya rako shi. Freeman ya wuce, de Graft aka bari a nan yana riƙe da coci. Itacen kansa ya faɗi tun 1959; in ba a rubuta ba, irin wannan suna shi ma haka zai faɗi.

Ba yau Badagry ta san hanyar Arewa ba. Daga nan Kilabatan, wato Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya tashi a 1825 ya nufi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can kuma ya rasu a 1827. In allon ya samu fili, a sa wannan ma ko da layi biyu ne.

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya sa baki wajen ƙaramar hukuma da shugabannin cocin Methodist a ba da izinin kafa allon, kuma su duba rubutun kafin a buga. Kuɗin allo da na fassara mu za mu tara a tsakaninmu. Muna kuma roƙo a karɓi samarinmu biyu ko uku cikin masu zagayawa da baƙi, a koya musu tarihin daga bakin masu shi. A shirye muke mu zo fada duk ranar da aka yi mana iso.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Masu biyayya,
Al'ummar masu jin Hausa mazauna Badagry