Sanarwa: Zaman Koyon Haɗa Hotunan Bincike da AI

Assalamu alaikum ƴan uwa, malamai da ɗalibai. Da fatan an wuni lafiya.

In sha Allah ranar Asabar mai zuwa, da ƙarfe 8:30 na dare, za mu haɗu a Google Meet don koyon amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI) wajen haɗa fosta da zanen da ke bayyana sakamakon bincike.

Abin ya dame ni ne ganin wasunmu sun fara saka irin waɗannan hotuna a aikinsu ba tare da sun duba su da kyau ba. A Fabrairun 2024, mujallar Frontiers in Cell and Developmental Biology ta janye wata maƙala saboda hoton ɓera mai ɗauke da rubuce-rubuce marasa ma'ana, wanda aka haɗa da Midjourney, wata manhajar AI mai ƙirƙirar hotuna. Mujallar Nature ma ba ta karɓar irin waɗannan hotuna. Manhajar na iya ƙawata fosta, amma jadawalin alƙaluma dole ya fito daga bayanan da ka tattara da kanka.

Don Allah kowa ya turo zane ɗaya daga aikinsa kafin daren Alhamis, kuma ya karanto ƙa'idar mujallar da yake son tura wa. A tanadi data da caji tun da wuri.

Allah ya ba mu sa'a. Na gode.