Rigar ruwa ta cece ni a Kogin Nilu, mi ya hana a ɗaura ta a Goronyo?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah shi ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke cin raina tun da na dawo daga wata tafiya, na yi ta ba da labarin a majalisa mutane na ɗauka hirar yawon buɗe ido nike yi, alhali ba can zancen ya dosa ba.

Wurin aikinmu ne ya tura mu mu shida wani taron bita a Kamfala ta ƙasar Yuganda, da anka gama sai ya rage muna da kwana ɗaya kafin jirginmu, abokan aikinmu na can sunka ce ba mu komawa Najeriya sai mun ga inda Kogin Nilu ya faro. Garin Jinja ke nan, kamar kilomita 80 gabas da Kamfala, nan ne ruwan ke fita daga Tafkin Biktoriya ya kama hanyar arewa har Masar. Muna cikin mota anka gaya mana jirgin roba za mu shiga, irin wanda ake hura wa iska, a bi da mu ta inda ruwa ke gangarowa kan duwatsu shina tafasa fari fat da kumfa, raftin suke ce ma wasan.

Ni ban iya iyo ba. Cikin garin Sakkwato anka haife ni, iyakata da gulbi in tsaya kan gadar Kwalkwalawa in kalli masunta, gidanmu ko da wasa ba a barin yaro ya je bakin ruwa. Mutum huɗu cikin mu shida haka muke, har da ogan namu da wata Hajiya mai riƙe mana lissafin kuɗi, na gaya ma jagoran jirgin gaskiya tun a tudu, ya ce ba iyo yake buƙata daga gare ni ba, kunne yake buƙata.

To Malam Edita nan ne inda nike so masu karatu su tsaya. Kafin ƙafar kowa ta taɓa ruwa sai da anka ba kowa rigar ruwa, laif jaket ɗin nan, da hular kwano da filafili, kuma ba miƙo maka za a yi a wuce ba, jagoran nan bi ya yi ɗaya bayan ɗaya shina jan maɗauran har sai numfashi ya ɗan matse ka, sannan ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama da ƙarfi, in ta taso ta taɓa kunnenka to ba ta ɗauru ba a sake. Ogan namu ya ce tasa ta matse shi a sassauta, yaron nan cikin ladabi ya ce Yallaɓai rigar da ba ta matse ba ruwa zai zare ta ta kanka ya bar ka. Hajiya kuma anka ce ta sa ƙaramin hijabi ta cusa shi cikin rigar, ta sa dogon wando maimakon zani, don dogon tufa shi ke naɗe ma mutum ƙafa cikin ruwa. Ba wanda ya raina mata sutura, gyara mata kawai anka yi.

Sai karatu. In ka faɗa ruwa kar ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye ko da ka ji ƙasa, ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne ka, ka kwanta rigingine ƙafafu gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a sama. In jirgi ya kife ka samu kanka ƙarƙashinsa akwai iska a ciki, ka shaƙa, ka bi da hannu gefe guda har ka fito, ka kama igiyar da ta zagaye jirgin. In za ka ciro ɗan uwanka kafaɗun rigarsa za ka kama ka faɗi da baya, ba hannunsa ba. Kuma ba a baki anka bar shi ba, da munka shiga inda ruwa ke kwance da gangan ya kifar da jirgin don kowa ya ɗanɗana tun ba a kai wurin tsanani ba. Nan na fara yarda da rigar, na nutse na ji ta cillo ni sama da kanta.

Gangaren ruwan daraja-daraja ne daga 1 zuwa 6, na 6 ba a bi da baƙi ta cikinsa, shi ya sa da munka iso gangaren da ake kira Itanda, mai daraja ta 6, fita munka yi munka taka da ƙafa ta gefe anka ɗauko jirgin, sai can ƙasa munka koma ciki. Sun ce da can daga Bujagali ake farawa, amma tun da anka gama madatsar lantarki ta wurin a 2012 ruwa ya shanye wannan gangaren. Ƙasan Itanda ɗin nan ne jirginmu ya kife na gaske. Wallahi ban san sama ba ban san ƙasa ba, ƙara kawai da duhu da ruwa a hanci, kalmar shahada nike ta yi a zuci, ban san daƙiƙa nawa ba sai ga ni a sama, kafin in gama tari wani saurayi cikin ɗan ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya ya iso ya ce in kama bayansa. Ashe tun kafin mu shiga gangaren su sun riga mu wucewa sun tsaya ƙasa suna jiran wanda zai faɗo. Jagora ya ƙirga mu da yatsa sau biyu kafin ya yarda a ci gaba. Anka yanka mana abarba bisa ruwa, hannuna na rawa ina ci, da munka fito tudu munka haɗa azahar da la'asar.

Da dare a masauki barci ya ƙi, ba tsoro ya hana ni ba, ƙauyen Gidan Magana na ƙaramar hukumar Shagari nike tunawa. Watan Afrilu na 2022, cikin azumi, mutum 29 'yan ƙauyen sunka rasu da jirginsu ya kife a gulbin Shagari, yawancinsu yara da matasa da sunka tafi neman itace. Shekara na zagayowa, Mayun 2023, anka sake binne yara 15 a ƙauyen Dandeji bayan wani jirgin ya kife, su ma itacen girki sunka fita nema. Watan Agusta na 2025 jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife da su ranar Lahadi suna hanyar kasuwar Goronyo. Ruwan da ya ci waɗannan bayin Allah ko kusa bai kai haukan wanda ya kife da ni ba, ni da ban iya iyo ba na fito ina ba da labari, su an yi masu sallah. Allah shi jiƙan su shi ba iyayensu haƙuri. Ajali gaskiya ne ba mai musu, amma wanda ya halicci ajali shi ya umurce mu da riƙon sababi, kuma kakanninmu sun san haka, je ka Argungu ka ga masunci a Matan Fada, duk iya ruwansa da gorarsa yake shiga yana kwance bisa kanta. In Basarke, gwanin ruwa, bai raina gora ba ban ga dalilin da mai zuwa kasuwa da goyo zai raina riga ba.

Na sani hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta ce kar a ɗauki fasinja ba riga kuma kar a yi tafiyar dare, na kuma san gwamnati ta sha raba rigunan bayan an yi hatsari, Allah shi saka. Amma abin da na gani da idona shi ne rigar ita kaɗai ba ta isa, sai da mutumin da zai tsaya ya ja maɗaurin. Rigar babba in ka sa ma yarinya 'yar shekara takwas zamewa za ta yi, to wa ke sayen na yara, alhali su ne munka fi binnewa? Wa ke ƙirga mutane kafin mai fito ya tura jirgi, ga buhunan hatsi ga babur ga awaki duk a ciki har bakin jirgi na shan ruwa? Mai fito shi ma talaka ne, kowane ƙarin mutum ƙarin kuɗin cefane ne gare shi, in ba a samu wanda yake jin nauyinsa tsaye a mashigi ba ba zai rage ba, kuma wanda yake jin nauyi Sarkin Ruwa ne da hakimi da limamin garinsu, ba takardar da anka liƙa a ofis cikin birni ba.

Sannan zancen masu ceto, wanga shi ya fi tsaya mani a rai. Mu sai jirgi ya kife ake rugawa neman masu ninƙaya, kafin su iso gawa ake nema. Ga Sarkawa nan gwanayen ruwa ko'ina bakin Rima, ƙaramar hukuma ta ɗauki mutum biyu ko uku kowane babban mashigi ta biya su ranar kasuwa kawai, su zauna cikin jirginsu tsakiyar ruwa tun safe har a watse, musamman Agusta da Satumba in gulbi ya cika ko an saki ruwan dam.

Mu shida da munka yi tafiyar ga mun yi karo-karo, Hajiya ce ma ta fara kawo shawarar, mun sayi riguna goma sha biyu rabi na yara, za mu kai su wani mashigi da dangin matata ke bi, kuma ba miƙawa za mu yi mu juyo ba, za mu wuni nan mu nuna ma masu fito yadda ake ɗaurawa da yadda ake ɗaga kafaɗa a gwada. Roƙona gare ka Malam Edita ka tura wakilinku mashigin Goronyo wata Lahadi cikin damina, ya ƙirgo mana mutum nawa ke shiga jirgi ɗaya, nawa ke da riga, nawa ne tasu ta ɗauru, ku buga mu gani.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karatunku,
daga unguwar Mabera, Sakkwato