Idan tafiya ta cije, haƙuri kaɗai ba ya wadatar da matafiyi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan halin da matafiya suke shiga idan tafiya ta zo musu da abin da ba su yi zato ba, musamman tafiyar jirgin sama. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a wani filin jirgi, a daren da jirginmu na farko ya yi jinkirin awa biyar, muka sauka muka tarar wanda zai ƙarasa da mu ya riga ya tashi.

Fasinjoji suka rabu gida biyu. Wasu suka yi ca a kan wata ma'aikaciya wadda ba ita ta tsayar da jirgin ba, wasu kuma suka shimfiɗa mayafi a ƙasa suka yi matashi da jaka, suna cewa haka Allah ya ƙaddara. A kusa da ni akwai wani dattijo da hannunsa yake rawa, wanda ya shaida mini cewa maganinsa na ciwon sukari yana cikin babban akwatin da aka karɓa tun wurin awo. "Ɗana," in ji shi, "wani ya ce kayan sun yi gaba, wani ya ce suna baya." Na ce masa, "Baba, tashi mu je tare." Da muka yi bayani a tsanake, muka nuna tikiti da 'yar takardar shaidar kaya, aka ba mu kujera a jirgin safe da takardar abinci da ɗakin kwana, aka kuma kira likitan filin ya duba shi. Abin da har yau yake damuna shi ne, waɗanda suka kwana a ƙasa suna da haƙƙi iri ɗaya da namu, sai dai ba wanda ya gaya musu, su kuma ba su tambaya ba.

Na yi imani da ƙaddara, amma yarda da ita ba ta hana mutum neman abin da doka ta ba shi. Yarjejeniyar Montreal ta shekarar 1999, wadda yawancin ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan da suka ɓata ko suka lalace ko suka makara a tafiya tsakanin ƙasashe. Sai dai akwai wa'adi. Wanda akwatinsa ya lalace yana da kwana 7 ya rubuta ƙorafi, wanda kayansa suka makara yana da kwana 21 daga ranar da suka iso hannunsa, idan kuma kwana 21 suka wuce kaya ba su zo ba, ana ɗaukarsu a matsayin ɓatattu. Saboda haka babban kuskure ne mutum ya fita daga filin jirgi bai cike takardar rahoton kaya ba don kawai wani ma'aikaci ya ce za a kira shi, domin maganar baki ba ta zama hujja ranar neman diyya.

Tarayyar Turai tana da tata dokar mai lamba 261 ta 2004, wadda ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashenta, ko na wane kamfani ne. Idan fasinja ya isa inda za shi da jinkirin awa uku ko fiye, yana iya samun diyyar Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiyar, sai fa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. Ko a nan ma ciyarwa da masauki ba sa sauka daga wuyan kamfani. An gwada wannan a watan Afrilun 2010, lokacin da tokar dutse mai aman wuta na ƙasar Iceland ta rufe sararin samaniyar Turai kusan kwana shida, aka soke tashin jirage kimanin 100,000, kuma a 2013 kotun Tarayyar ta tabbatar da cewa kula da fasinja yana nan daram ko da bala'in ba laifin kowa ba ne.

Wani ɓangaren kuwa yana hannun matafiyi tun kafin ya bar gida. Magani da fasfo da cajar waya da tufafin canji ɗaya wurinsu ƙaramar jakar hannu ce. Wanda zai canza jirgi a hanya ya yi ƙoƙari ya sayi tafiyar a tikiti ɗaya, domin idan tikiti biyu ne daban, kamfani na biyu ba ruwansa da jinkirin na farko, kuma arahar da aka bi sai ta koma asara. Haka nan bai kamata a dogara da waya kaɗai ba. A ranar 19 ga Yulin 2024, matsalar manhajar kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci a filayen jirage da dama, har wasu kamfanoni suka koma rubuta takardar shiga jirgi da hannu, kuma a irin wannan rana mai kwafin tikitinsa a takarda shi ne ya fi samun sauƙi. Kwafin fasfo ma yana gaggauta aiki a ofishin jakadanci idan na ainihi ya ɓata, bayan an kai rahoto wurin 'yan sanda.

Ina roƙon wannan jarida ta ware shafi, ko da sau ɗaya ne a wata, ta riƙa bayyana waɗannan haƙƙoƙi da Hausa, sannan masu sayar da tikiti su riƙa karanta wa dattawa da waɗanda ba su taɓa hawa jirgi ba sharuɗɗan tafiya kafin su karɓi kuɗinsu.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum